Tukunyar Zariya, masananta, da maganin da ke ƙarewa tun yana hanya

Cikin duk kayan da ke sauka a filayen jiragen saman Najeriya, da wuya a sami wanda ya ƙi jinin jira kamar wani ɗan akwati mai nauyin tsiya, wanda aka yi wa cikinsa sulke da darma, aka manna masa tambarin gargaɗi mai kunnuwa uku. Abin da ke cikinsa shi ne sinadarin da masana ke kira molibdinom-99. Tun daga ranar da aka haɗa shi a masana'anta yake raguwa, ba dare ba rana, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace sa'a. Bayan sa'o'i 66 rabinsa ya tafi. Bayan mako guda, abin da ya saura bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Sanyin firij ba ya tsayar da wannan raguwa, takardar umarni daga kowane ofishi ma ba ta jinkirta ta. Idan akwatin ya sauka ranar Juma'a da ƙarfe 5 na yamma, aka ce a dawo Litinin da hantsi saboda mai sa hannu ya tashi, to asibitin da ya biya kuɗin kayan da dala ya yi asarar rabin abin da ya saya tun ba a ɗora shi a mota ba.

Daga wannan akwati ake samun teknishiyom-99m, sinadarin da ake yin kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan likitancin nukiliya da shi a duniya. A ɗauka wata mata ce a Doma, aka gano tana da sankarar mama a wani asibiti a Lafiya. Kafin likita ya yanke shawarar ko tiyata za a yi mata ko magani za a fara, yakan so ya san ko cutar ta riga ta ratsa ƙashi. Ana haɗa teknishiyom da wani sinadari mai son ƙashi, a yi mata allura, a jira sa'o'i 2 zuwa 3, sannan a kwantar da ita ƙarƙashin kyamarar da ke ganin hasken gama. Duk inda ƙashi ke fama da ciwo, sinadarin yakan taru a wurin, ya fito a hoto kamar garwashi cikin toka, sau da yawa tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna komai. Shekaru da dama, asibitocin gwamnati biyu kacal ne aka san suna wannan aiki a ƙasar nan: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Wato matar nan sai ta bar Doma zuwa Lafiya, ta bi ta Akwanga da Keffi, ta sha cunkoson Mararraba, ta iso Abuja. Kuma duk wannan ɗawainiya tana rataye ne a kan ko akwatin makon ya fito daga filin jirgi a kan lokaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, ta bakin cibiyarta mai nazarin sankara, ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 120,000 ne ke kamuwa da cutar a Najeriya duk shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Saboda haka tambayar da ke biye ba ta ɗakin karatu ba ce kawai. Najeriya tana da tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya tun 2004, tana da farfesoshin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kanta. Me ya sa har yau maganin yake zuwa daga ƙetare?

Daga ƙurar Sahara zuwa Samaru

Tsoro ne ya fara jawo hankalin Najeriya ga ilimin nukiliya. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, daga ɓangaren da iskar hunturu ke kwaso ƙura ta sauke ta a Katsina da Kano da Zariya. Da Faransa ta ƙi dainawa, ta sake gwaji na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a watan Janairun 1961. A 1964 aka kafa sashen kare jama'a daga tiririn nukiliya a sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Ibadan, a shekarar ce kuma Najeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA.

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Doka mai lamba 46 da ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, NAEC. Hukumar ta zauna a takarda shekara 30 cur. Sai a 2006, Obasanjon yana shugaban farar hula, aka raya ta aka naɗa mata Dokta Franklin Erepamo Osaisai. Mai karatu da ya taɓa ganin fayil ya kwana a tire ɗin da aka rubuta wa "a ajiye tukuna" ba zai yi mamaki ba, ko da yake shekara 30 ta wuce misali.

Abin da ya rayu a tsakanin shi ne cibiyoyi biyu da aka dasa a jami'o'i a ƙarshen shekarun 1970: ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi. An tura matasa masu digirin fiziks da kimiyyar sinadarai da injiniya zuwa Turai da Amurka, suka dawo suka tarar babu na'urar da za su yi aiki da ita. Da yawansu sun yi shekaru suna koyar da abin da hannunsu bai taɓa ba tun barinsu ƙetare. A ɓangaren ofis, Farfesa Ibrahim Umar, masanin fiziks da ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Najeriya a 1989, ya daɗe yana wakiltar ƙasar a Biyana, har ya riƙe kujerar shugaban Majalisar Gwamnonin IAEA daga 2000 zuwa 2001. A 1996 Najeriya da Sin da IAEA suka sa hannu a yarjejeniyar kawo ƙaramar tukunya Zariya. Tukunya kuwa ba ta aiki sai da mai sa mata ido wanda ba shi ne mai gudanar da ita ba. Dokar Hukumar Sa Ido kan Harkokin Nukiliya, NNRA, ta fito a 1995, hukumar ta fara aiki a 2001 ƙarƙashin Farfesa Shamsideen Elegba, wanda shi kansa tsohon daraktan cibiyar Zariya ne. A ranar 3 ga Fabrairun 2004 tukunyar ta kama aiki a karon farko, aka ƙaddamar da ita a hukumance a ƙarshen Satumban shekarar. Sunanta NIRR-1.

Wanda ya ji "tukunyar nukiliya" zai zaci wani ƙaton gini ne mai hasumiyoyi. Zuciyar ta Zariya ba ta kai bokitin wanka ba, tsayinta da faɗinta kowanne bai wuce santimita 25 ba. Tana nutse a ƙasan wata rijiyar ruwa mai zurfi, an kewaye ta da ƙarfen beriliyom mai mayar da ƙwayoyin niyutiron ciki, sanda ɗaya tal ta kadmiyom ke tsakiyarta, wadda ake ɗagawa wuta ta tashi, a sauke ta lafa. Zafin da take fitarwa a wancan lokaci kilowat 30 ne, kwatankwacin dutsen guga 30 a kunne. Ba ta ba da lantarki ko na ƙwan fitila ɗaya. Sinawa sun ƙera irinta ne bisa salon wata ƙaramar tukunyar Kanada, suka kuma kafa 'yan uwanta a Pakistan da Iran da Ghana da Siriya.

Aikin Jonah: daidaita mudu kafin awo

Cikin waɗanda sunansu ya haɗu da wannan tukunya, babu kamar Farfesa Sunday Jonah, wanda ya daɗe yana manajanta. Hanyar da bincikensa ya bi tana nuna abin da ƙaramar tukunya ke iyawa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Babban aikin NIRR-1 shi ne gano sinadaran da ke cikin abu ta hanyar yi masa ruwan niyutiron. George de Hevesy da Hilde Levi ne suka ƙirƙiro dabarar a Kofanhagen a 1936. Ana ɗebo ɗan samfur, ƙasa ko garin dutse ko hatsi ko busasshen ganye, wanda bai kai cikin ƙaramin cokali ba, a ƙulle shi a kwalbar roba, a harba shi da iska ta cikin bututu zuwa gefen zuciyar tukunyar. Masu aikin suna kiran wannan kwalba zomo, saboda yadda take shigewa rami a guje ta fito a guje. A can ciki, wasu daga ƙwayoyin zarra na samfurin sukan haɗiye niyutiron, su rikiɗe su koma abin da ake kira aisotof mai tiriri, wato wani nau'i na sinadarin da bai da natsuwa, wanda ke fitar da haske yayin da yake neman komawa daidai. Kowane sinadari da irin hasken gaman da yake fitarwa, kamar yadda kowane mutum da muryarsa. Ana ɗora samfurin a kan wata na'urar jamaniyom da ake sanyaya ta da ruwan naitirojin, ita kuma ta rarrabe muryoyin: ga sodiyom, ga manganis, ga ƙarfe, ga asenik, ga bariyom, kowanne da yawansa, har wanda bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba.

Nan ma agogo ne sarki. Alminiyom-28 yana rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu, saboda haka dole a auna shi da fitowar zomo. Manganis-56 yana ɗaukar sa'o'i 2 da rabi, sodiyom-24 kuma sa'o'i 15. Wasu sai an ajiye samfurin makonni, masu hayaniya sun yi shiru, kafin a ji muryarsu.

Amma kafin a gaskata ko da lamba ɗaya daga wannan awo, sai an san tukunyar kanta: niyutiron nawa ke ratsa kowane bututu a daƙiƙa, nawa ne masu gudu, nawa ne masu tafiyar hawainiya, kuma ko adadin yana nan daram daga yau zuwa gobe. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san cewa ciniki ba ya yiwuwa sai an yarda da mudun. Wannan daidaita mudu shi ne abin da Jonah da abokan aikinsa suka fara yi, suna saka ƙananan fallayen zinariya da wasu ƙarafa a bututun suna auna abin da ya fito, suka wallafa sakamakon a 2005 a wata mujallar ƙasa da ƙasa ta kimiyyar sinadaran nukiliya. Aiki ne marar armashi a idon ɗan jarida, ba ya kawo kanun labari. Sai dai duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya zo Zariya daga baya da ƙullin ƙasar gonarsu ko lakar kogin garinsu ko ganyen maganin gargajiya, a kan waɗancan lambobi ya dogara. Ga jiha irin Nasarawa, mai baraitin Azara da gishirin Keana da ramukan haƙar ma'adinai birjik, wannan ita ce irin na'urar da ke iya faɗa wa gwamnati abin da ke cikin dutse kafin ɗan kasuwa ya faɗa mata farashinsa, da abin da ke cikin ƙasar da yara ke wasa a kai kusa da ramin.

Kashi na biyu na aikinsa ya zo ne daga wata matsala da ba ta kimiyya ba ce zalla. Makamashin da aka zuba wa tukunyar a 2004 yuraniyom ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, irin tacewar da ake yi wa na makami. Nauyinsa kimanin kilo 1 ne, nesa ƙwarai da kilo 25 da IAEA ke ɗauka a matsayin abin da zai isa bam. Duk da haka, bayan harin 11 ga Satumban 2001, Amurka ta ƙudurta kwashe irin wannan makamashi daga duk wata tukunyar farar hula a duniya, kuma tashin Boko Haram ya ƙara wa batun Zariya nauyi. Tambayar masana ita ce: idan aka sauya shi da wanda tacewarsa ba ta kai kashi 20 ba, tukunyar za ta ci gaba da aikinta? Jonah ya yi aiki da masanan ɗakin binciken Argonne da ke kusa da Chicago, suka gina tukunyar Zariya a cikin kwamfuta, suna bin sawun miliyoyin niyutiron ɗaya bayan ɗaya ta hanyar lissafi, suka fara tabbatar da cewa lissafin ya yi daidai da abin da ake aunawa a zahiri. Sun wallafa wannan a 2007. Daga irin waɗannan lissafe-lissafe, na Zariya da na sauran ƙasashe masu irin tukunyar, aka tsaya a kan makamashi mai tacewar kashi 13, tare da ɗaga ƙarfin tukunyar zuwa kilowat 34 domin yawan niyutiron ya zauna yadda yake, kada mudun da aka sha wahalar daidaitawa ya lalace.

Sin ta sauya tata a 2016, Ghana a 2017. A ƙarshen 2018, lokacin Farfesa Yusuf Aminu Ahmed yana daraktan cibiyar, aka zo kan Zariya. Ma'aikatan sun fara zuwa Ghana suka yi atisaye a kan kwaikwayon tukunyar da aka gina don haka. A watan Oktoba aka zaro tsohuwar zuciyar, a Nuwamba sabuwar ta kama aiki, a farkon Disamba kuma aka ɗauki tsohuwar cikin tsaro mai tsanani zuwa filin jirgin Kaduna, aka tashi da ita zuwa Sin. Da wannan, babu sauran tukunyar bincike a Afirka da ke aiki da yuraniyom mai tacewar makami. Ahmed daga baya ya shugabanci NAEC.

Abin lura a nan shi ne saurin da aikin ya yi da ya zo hannu. Kwastan, jami'an tsaro, hukumar sa ido, jami'a, ma'aikatu, kowa ya yi nasa cikin makonni, domin akwai manyan ƙasashe da ke biya, akwai kuma ranar da jirgi zai tashi. Akwatin asibiti mai zuwa a kai a kai bai taɓa samun irin wannan gata ba.

Saniyar da ake tatsa kowace safiya

To me zai hana a yi molibdinom ɗin a Zariya? Amsar tana cikin girma. Ana samun molibdinom-99 na kasuwa ne ta hanyar saka faranti na yuraniyom a cikin babbar tukunya na kusan mako guda ba tsayawa. Cikin kowace ƙwayar zarra 100 da ta tsage, kimanin 6 ne ke ba da molibdinom. Daga nan a narkar da farantin a cikin ɗaki mai katangar kankare da tagar gilashin darma, inda ma'aikaci ke aiki da hannayen ƙarfe daga waje, a ware abin da ake so daga tarin dattin da zai iya kashe mutum cikin mintuna. Tukunyar SAFARI-1 da ke Pelindaba a Afirka ta Kudu, wadda ke aiki tun 1965 kuma take cikin manyan masu samar da sinadarin a duniya, ƙarfinta megawat 20 ne, kusan ninki 600 na ta Zariya. Ta Zariya an ƙera ta ne ta yi 'yan sa'o'i ta huta. Tana haifar da aisotof kullum, amma gwargwadon abin awo a ɗakin gwaji. Neman ta ciyar da asibitoci kamar neman rijiyar tsakar gida ta yi aikin madatsar ruwan Doma ne, kuma ba laifin masu jan gugar ba ne.

Tukwanen da duniya ta dogara da su ba su da yawa: Petten a Holan, Mol a Beljiyam, Pelindaba, ɗaya a Ostareliya, da wasu a Poland da Jamhuriyar Cek. Yawancinsu tsofaffi ne. A watan Mayun 2009 ta Chalk River a Kanada ta fara yoyo aka rufe ta fiye da shekara, a 2010 ta Petten ma ta tsaya don gyara, asibitoci a Amurka da Turai suka riƙa ɗage hotunan majinyata. A irin wannan rana, mai sayen akwati ɗaya ko biyu daga Afirka ta Yamma ya san matsayinsa a layi. Akwai kuma abin takaici a gefe: tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, da gumin leburori da yawa masu jin Hausa, amma ɗanyensa ake fitarwa, abin da aka sarrafa daga irinsa kuma ya dawo yankin da tsadar gaske.

Akwatin da ke isowa asibiti kuwa wata dabara ce mai ban sha'awa, wadda Walter Tucker da Margaret Greene suka ƙirƙiro a ɗakin binciken Brookhaven na Amurka a 1958. Teknishiyom-99m, wanda Emilio Segrè da Glenn Seaborg suka gano a 1938, rabinsa yana tafiya cikin sa'o'i 6, saboda haka ba a iya safararsa daga wata ƙasa. Sai ake aiko da uwarsa. Ana manna molibdinom a jikin wani farin gari na alminiyom cikin ɗan bututu. Yayin da yake ruɓewa yana rikiɗa zuwa teknishiyom, wanda shi ba ya manne wa garin sosai. Da safe mai haɗa magani ya zuba ruwan gishiri ta sama, ruwan ya wanko teknishiyom ya bar uwar a manne. Kafin wayewar gari wani ya sake taruwa. Masu aikin suna kiran akwatin saniya, abin da suke yi da safe kuma tatsa. Bambancinta da saniyar Fulani shi ne kullum nonon raguwa yake, bayan mako biyu kuma ta ƙafe.

Mai tatsar nan shi ne mutumin da ba a cika ambata ba idan ana maganar likitancin nukiliya. Shi ne zai gwada ko molibdinom ya ɓalle ya biyo ruwan, ko garin alminiyom ya zubo, sannan ya haɗa teknishiyom da sinadarin da zai kai shi inda ake so: wani na ƙashi, wani na ƙoda, wani na tsokar zuciya. Shi zai auna rabon kowane majinyaci yana lissafa abin da zai ragu kafin a kai ga allura. Gajeren ran sinadarin shi ne rahamarsa, domin bayan sa'o'i 24 abin da ya saura a jikin majinyaci bai wuce kashi 1 cikin 16 ba, ban da wanda fitsari ya fitar. Horar da irin wannan ma'aikaci yana cin shekaru, kuma da ya ƙware asibitocin Ingila da na ƙasashen Larabawa suna nemansa.

Akwai kuma aidin-131, wanda shi magani ne kai tsaye. Ƙullin tayirod da ke gaban wuya yana zuƙe aidin da ya shiga jiki. A 1941 Saul Hertz, likita a Boston, ya fara ba majinyata aidin mai tiriri domin ya je can ya ƙone ƙwayoyin da suka yi yawan aiki, tiririn da ke yin ƙunar kuma ba ya wuce milimita 1 ko 2 daga inda ya sauka. Har yau da shi ake maganin tayirod mai zafin aiki da kuma sauran ɓurɓushin sankararsa bayan tiyata. Ba kowane maƙoƙo ne ke buƙatarsa ba. Wanda ƙarancin aidin a abinci ya kawo, gishiri mai aidin ne rigakafinsa. Rabin aidin-131 yana tafiya cikin kwana 8, don haka ya fi haƙuri da jinkiri, amma shi ma daga waje yake zuwa.

Sashen Ibadan ya buɗe a 2006, da jagorancin Farfesa Bola Osifo, da tallafin IAEA, a ginin da lauya Afe Babalola ya bayar kyauta. Na Abuja ya biyo baya ba da jimawa ba. An tura likitoci horo, akasari Afirka ta Kudu. A 2013 wasu likitocin sashen Ibadan, K. S. Adedapo da abokan aikinsa, suka wallafa maƙala a mujallar likitancin nukiliya ta Indiya a kan matsalolin da suka ce ana iya kauce musu, ciki har da ɗaukewar lantarki da jinkirin fito da kaya. Abin da ya fi jan hankali a jerin shi ne kusan babu matsalar da ke buƙatar sabon binciken kimiyya. Yawancinsu a kan teburin wani jami'i suke.

Adalci ne a ce takardun ba don wasa aka ƙirƙire su ba. A ƙarshen 2002 wasu na'urori biyu masu tiriri na kamfanin Halliburton, waɗanda ake auna rijiyoyin mai da su, suka ɓace a yankin Neja Delta, sai a Jamus aka gan su cikin tarin ƙarafan bola. Ƙasar da hakan ta faru da ita tana da hujjar tambayar duk wani akwati mai tambarin kunnuwa uku daga ina ya fito, ina kuma za shi. Sai dai akwatin asibiti sananne ne: mai aikowa ɗaya, mai karɓa ɗaya, a jirgin da aka san ranarsa. Lasisin NNRA na shigo da kaya, takardar kwastan, da sahalewar kuɗin waje duk ana iya kammala su kafin jirgin ya tashi daga can, a kuma ajiye jami'in da ke da ikon sa hannu ranar Asabar da ranakun hutun Sallah da Kirsimeti. A ganina wannan ya fi kowace sabuwar na'ura araha, ya kuma fi ta saurin isa ga majinyaci.

Na'urorin ma suna da muhallinsu. Hoton PET, wanda ya fi kowanne iya nuna inda sankara ta yaɗu, yana aiki da fulorin-18, shi kuma rabinsa minti 110 ne. Ba a tukunya ake yin sa ba, a wata na'ura ce mai juya ƙwayoyin zarra da maganaɗisu, saikulotiron, wadda ke iya zama a harabar asibiti. A farkon shekarun 2020 wani kamfani mai zaman kansa ya kafa irinta a Legas. Amma abin da aka haɗa a Legas da asuba, idan aka biyo da shi ta mota sa'o'i 11 zuwa Abuja, kashi 1 cikin 64 ne zai iso. Kowane yanki sai da tasa, ko kuwa jirgin sama da ba ya saɓa lokaci. A watan Oktoban 2017 Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a kan tashar lantarkin nukiliya da kuma cibiya mai babbar tukunyar bincike, irin wadda za ta iya samar da aisotof na asibiti. Jaridu sun fi ɗaukar zancen lantarkin, da wuraren da aka ambata, Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Rabin yarjejeniyar da ya shafi majinyata bai sami ko kashi ɗaya cikin goma na wannan surutu ba.

Mazauna Abuja ba sa buƙatar zuwa Zariya don su ga yadda wannan agogo ke cin kasafin kuɗi. A Sheda, kan hanyar Lokoja bayan Gwagwalada, akwai cibiyar haska kaya da hasken gama da aka ƙaddamar a 2006. Aikinta kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti, kashe ƙwari a hatsi ba tare da feshin guba ba, da hana doya tsiro a rumbu. Manomin doya da riɗi a Doma yana da ruwa da tsaki a ciki, haka ma duk wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari. Ƙarfin cibiyar daga sandunan kobal-60 yake fitowa, shi kuma rabinsa yana tafiya duk shekara 5 da wata 3, ko an haska buhu dubu a rana ko ba a haska ko ɗaya ba. Sandar da aka zuba a 2006, idan ba a ƙara mata sabuwa ba, kashi 1 cikin 8 na ƙarfinta ne ya kai 2022, kuma buhun da a da ake gamawa da shi cikin sa'a 1 sai ya kwashe sa'o'i 8 a ɗakin.